Igiyar Baba Salmanu

Duk faɗin Tudun Wada, in ka tambayi gidan Baba Salmanu mai rijiya, ba wanda zai ce maka bai sani ba. Shi ke haƙa wa mutane rijiya, shi ke yashe ta in ta cushe, tun daga Tudun Jukun har Kwangila, kuma ya daɗe yana yi. A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo gari, kowa ya sayi babur da rediyo, masu hali suka fara jawo famfo har cikin gida, aikin ya ɗan ja baya. Amma famfo yau ya kawo, gobe ya ɗauke, rijiya kuwa tana nan inda aka bar ta. Don haka ba a daina yin sallama a ƙofarsa ba.

A zaurensa akwai wata igiyar rama a rataye, mai kaurin hannun jariri, shi ya tufka ta da kansa. Ita ce dokar gidan. Ba wanda zai shiga rijiya, ko wani ruwan da ya wuce tsayinsa, sai da igiya a ƙugu, ɗaya bakin kuma a hannun mutum. Ba a jikin itace ba, ba a jikin dutse ba. A hannun mutum mai rai, wanda zai ji abin da na ƙasa ke faɗa. Don a wurinsu igiya magana take yi. In na ƙasa ya yi ta fizga gajeru-gajeru, cewa yake a jawo shi. In ya ja guda ɗaya mai tsawo ya riƙe, cewa yake a ƙara masa igiya.

Ba don son iko Salmanu ya kafa dokar nan ba. Yana da ƙane, Yero, wanda ya taɓa sauka rijiyar wani gida ba igiya, wai guga kawai zai ɗauko ya fito. Gawarsa aka fito da ita. Tun ranar, Salmanu bai ƙara yarda da "yanzu zan fito" ba.

To, sai Allah ya ba shi auta, Muntaka, wanda ruwa ya shiga ransa tun yana ƙarami. In an neme shi an rasa, a je Kubanni, yana can yana iyo da abokinsa Ernest, ɗan Malama Victoria ungozomar Wusasa, wadda ita ce ma ta karɓi haihuwar Muntakan. An yi dukan, an yi faɗan, uwarsa Inna Kulu ta yi kukan, duk a banza. Da suka girma, aka ji kamfanonin mai a kudu suna neman masu dogon numfashi, su biyun suka hau jirgin ƙasa sai Fatakwal. Aka koya wa Muntaka nutso irin na zamani, da tukunyar iska a baya da tabarau a fuska, yana sauka ƙarƙashin manyan jirage yana gyara. Ernest kuma shi ke zama a sama riƙe da igiyarsa.

Kafin su tafi, Baba Salmanu ya sa ɗansa ya dafa hannunsa a zauren nan ya yi alkawari: ba zai taɓa shiga ruwa ba sai bakin igiyarsa na hannun mutum. Ernest ma bai sha ba. Sai da tsohon ya zaunar da shi a bakin rijiya ya koya masa riƙo, har tafin hannunsa ya yi kanta.

Ana nan, wata shekara tsakiyar damina, ranar Talata bayan la'asar, ruwan sama ya ɗauke ke nan, sai ga su sun yi sallama, ba saƙo ba sanarwa. Kulu ta rasa inda za ta sa su don murna. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, ta tsaya a kansu tana duba su kamar za ta saya.

"Anas, kai ba sa ciyar da kai ne a can? Dubi wuya kamar na zalɓe." Anas take ce masa, don harshenta bai taɓa yarda da Ernest ba.

"Inna, garin rogo ne safe da yamma. Shi ya sa na biyo Auta, in zo in murmure."

"Ci, ɗan albarka. Akwai ƙari."

Baba Salmanu yana gefe a kan buzunsa. Ya lura Ernest ya kusa ganin gindin kwano, ɗansa kuwa loma biyu ya yi ya tsaya. Muntakan ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya zauna a bakin tabarma kamar baƙon da ya zo biko.

"Muntaka, faɗi abin da ya kawo ka. Tuwon nan ya gaji da kallonka."

Muntaka ya wanke hannu, ya ɗauko wani tsinken itace, ya durƙusa a inda ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Ya ja layi biyu dogaye, suka buɗe a ƙarshe kamar bakin kakaki.

"Baba, wannan kogi ne. Nan kuma inda ya buɗe baki ya shiga teku. Jirage sun yi yawa yanzu, layi suke yi kamar motoci a Kwangila. Wani babban jirgi ya tsinke angarsa a nan, wato ƙarfen da yake kafawa a ƙasa in zai tsaya, da sarƙarta duka. Tana kwance a kan hanya, kusa da bututun mai. In wani jirgin ya jawo ta ya bi ta kan bututun, ɓarnar ba ta faɗuwa. Mu aka ce mu nemo ta."

"To ku nemo ta mana. Ba aikinku ke nan ba?"

"Mun gwada. Ruwan wurin ba irin na tashar jirage ba ne. Teku ya cika ya turo kogin baya, ya janye kogin ya bi shi a guje. In mutum ya sauka da igiya daga jirgin da ke tsaye, kafin ya kai ƙasa ruwa ya shimfiɗe shi kamar shanya ranar iska. Ba ya gaba, ba ya baya. Shi ne na ce mu daina kokawa da ruwan, mu bar shi ya ɗauke mu."

Ya miƙa hannu cikin kwanon goron uban ya ɗauko guda biyu, ya ajiye can sama tsakanin layukan.

"Wannan ni ne, wannan abokin nutsona. Nan za mu shiga, sama da inda muke zaton tana kwance. Mu sauka kusa da ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, mu saki jiki. Ruwa ya yi ta tafiya da mu, mu kuma muna duba ƙasa, kamar wanda ke kan jaki yana neman abin da ya yar a hanya." Ya waiwaya, ya zare ludayi daga kwanon miya, ya ajiye bayan goron. "Wannan jirginmu ne, ƙarami mai inji. Ba zai kafa anga ba. Bin mu zai yi."

"Ludayina ne ya zama jirgi?" in ji Kulu. "In an gama tafiyar a dawo mini da shi a wanke."

Baba Salmanu ya matso da buzunsa. Duk abin da aka ce aiki ne, ba ya iya kallon sa daga nesa. "Ta yaya zai bi ku, kuna ƙasa yana sama?"

"Da wannan." Muntaka ya ɗora wani ɗan jallo a kan goron. "Wata ƙatuwar ƙwallo ce, ja, ba ta nutsewa. Igiya ta taso daga wurina zuwa gare ta. Duk inda na yi, tana bisa kaina. Ernest ba shi da wani aiki sai kallon ta, yana nuna wa mai tuƙi hanya."

"Ko sauro ya cije ni ba zan sosa ba, Baba," in ji Ernest, bakinsa cike da tuwo.

"Kuma ba kowace rana ba," Muntaka ya ci gaba. "Tsayuwar wata da daren sha huɗu, ruwan hauka yake yi. Sai wata ya koma kamar an raba ƙwarya biyu, lokacin ne gudunsa ke lafawa. Da safe za mu shiga, kafin rana ta hau ƙyalli a kan ruwa ta kashe wa Ernest ido. In na rasa abokina ko ya rasa ni, ba nema, kowa ya taso sama. In iska ta yi ƙasa a tukunya, mu taso a gefen ƙwallon, a kashe injin don kada farfela ta taɓa mu, a ɗauke mu. Sai a koma sama a sake wani layin, gefen na farko. Haka haka, har mu share wurin duka. Za mu same ta, Baba. Ba ta da ƙafa."

Tsohon ya daɗe yana kallon zanen. Gaskiya ya ji daɗin tsarin, don ya ga an bi abu daki-daki, yadda shi ma yakan zura fitila a rijiya ya ga ko za ta mutu kafin ya bar kowa ya sauka. Yaron nan ba da ka yake aiki ba. Sai dai idonsa ya ƙi barin ɗan jallon.

"Duk na ji. Abu ɗaya ne ban ji ba. Bakin igiyar nan, a hannun wa yake?"

Ernest ya daina tauna.

"A jikin ƙwallon yake, Baba."

"Ƙwallon tana da hannu?"

"Ba ta da shi."

"In ka fizga, tana ji?"

"Ba ta ji." Muntaka ya ajiye tsinken. "Shi ya sa na zo. Ni na tsara aikin nan, ni aka ce in shugabance shi. Amma na dafa hannunka a zauren can, kuma ban taɓa saɓawa ba, Ernest shaida ne. In ka warware mini, in shiga. In ka ce a'a, in koma in ce a ba wani, ni in zauna a sama ina kallo. Jirgin Asabar za mu bi, duk wadda ka faɗa."

Da a ce yaron gardama ya yi, da abin ya zo wa Salmanu da sauƙi. Sai ga shi ya ɗauko maganar ya ɗora masa a cinya. A'a ɗin tana bakinsa, har ya buɗe leɓe, sai Ernest ya share hannu ya durƙusa.

"Baba, da muka ƙetare gada a jirgi mun ga koguna duk sun cika. Galma ma na san ta kawo. Ka bar mu mu nuna maka a ido gobe. In ka gani bai yi maka ba, shi ke nan."

Baba Salmanu ya yi murmushi a ransa. Ya san Galma a damina. Ya tabbata ita ce za ta nuna musu, ba su za su nuna masa ba. "Na yarda. Amma da igiyata, da ƙullina, kuma a ƙugu."

Muntaka ya ce, "A hannu ake riƙe ta, Baba. Don in ta matsa, a saki."

"Kalmar da ba na son ji a gidan nan ke nan. A ƙugu na ce."

Samarin suka dubi juna. "To, Baba. Amma ina roƙon abu guda. In na shiga, kada kowa ya taɓa abin da ke yawo a sama. Ko me aka gani."

"Ni za ka koya wa igiya? Ina ɗaura ta tun uwarka ba ta iya tuƙa tuwo ba."

"Malam, kar ka sa ni a ciki," in ji Kulu. Ta sunkuya ta ɗauke ludayinta daga tsakiyar teku.

Washegari da hantsi suka sami wata a-kori-kura mai zuwa hanyar Jos, ta sauke su kusa da gadar Galma. Ruwan ya yi jawur, ya haye gonakin bakin kogi, yana tafe da karan dawa da rassan itace yana juya su. Suka sami wani masunci, Kailani, yana gyaran koma a gindin itace. Da ya ji abin da suka zo yi, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yarda ya ɗauki Ernest a kwalekwalensa. Ya ara musu gora ƙato, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su tsallaka ruwa. Shi ne zai zama ƙwallon.

Muntaka ya tuɓe ya bar gajeren wando. Ya sa tabarau, ya zura wasu takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya ɗaura wuƙa a ƙwauri. Bai zo da tukunyar iska ba, don haka ya ce zai riƙa tasowa yana shan numfashi yana komawa. Baba Salmanu ya ɗaura masa igiyar a ƙugu da ƙullin gidansu, wanda ba ya kwancewa sai an zauna an kwance shi. Ya ja ya gwada, ya sake gwadawa. Sannan ya ɗaura ɗaya bakin a wuyan goran, ransa bai so ba.

"Baba, ka shigo kwalekwale ka gani da kyau," in ji Ernest.

"Ƙafata ta fi yarda da ƙasa. Ku je."

Ya bi gaɓa ya gangara shi kaɗai, har ya sami inda kogin ya tsuke tsakanin duwatsu, wata ɗorawa ta miƙa saiwoyinta cikin ruwa. Daga nan ana hango komai. Ya tattare rigarsa ya tsaya.

Ya ga ɗansa ya yi bisimilla ya faɗa, goran ya bi shi. Kailani ya saki kwalekwale a bayansu, Ernest a gaba ya miƙa hannu yana nuna goran. Kan Muntaka ya ɓace, goran ya ci gaba da tafiya, ba gaggawa ba tangaɗi. Can kan ya ɓullo daidai gefensa, ya ɗaga hannu, ya sake nutsewa. Suna tahowa su uku a jere, na ƙasa, da gora, da kwalekwale, kamar an auna. Salmanu ya kama kansa yana gyaɗa kai. Ashe abin yana da kyan gani.

Da suka kusa matsin, ruwa ya ƙara gudu. Muntaka ya taso, ya cika ƙirji, ya koma. Goran ya shigo tsakanin duwatsu yana rawa, ruwa ya karkato da shi wajen ɗorawar. Salmanu ya zuba ido yana jiran kan ya ɓullo. Bai ɓullo ba. A gaskiya ba a daɗe ba, amma uba a bakin ruwa ba ya auna lokaci daidai. Ga igiyarsa, wadda ya tufka da hannunsa, ɗansa na ɗaya bakin, tana wucewa ta gabansa ba kowa riƙe da ita.

Bai san lokacin da ya shiga ruwan ba. Ya dai tsinci kansa tsamo-tsamo har cinya, ya rungumo goran, ya naɗe igiyar a damtse, ya tokare ƙafa da saiwar ɗorawa, yadda ya yi a bakin rijiya sau ba adadi.

Igiyar ta miƙe ta yi ƙara.

"Baba! Baba, saki!" Ernest ke ihu. Ruwa ya riga ya wuce da kwalekwalen, Kailani na ta fama da filafili ya kasa juyo shi.

Salmanu ya ji ihun, bai saurara ba. Wa ya taɓa ceton mutum da saki? Ya ja da ƙarfinsa duka. A rijiya in ka ja, nauyin yakan taso, ya matso, ka ji mutum na zuwa. Wannan bai taso ba. Igiyar sai ƙara nutsewa take, tana karkarwa, tana yanka ruwa tana yin ƙasa. Ya ƙara ja, ta ƙara yin ƙasa. Tafin hannunsa ya gaya masa abin da idonsa bai gani ba: ruwa ya danne yaron a ƙarshen igiyar, ya ninke shi a ƙugu, kuma duk jan da yake yi ƙara tura shi yake.

Sai igiyar ta yi magana. Ba fizga gajeru-gajeru ba. Ja guda ɗaya, mai tsawo, aka riƙe.

A ƙara masa igiya.

Salmanu ya dubi hannunsa. Babu sauran igiyar da zai ƙara. Duk ta tafi, abin da ya rage sai naɗin da ke damtsensa da goran da ke ƙirjinsa. Aka sake ja, mai tsawo, aka riƙe. Shekara da shekaru bai taɓa ƙin amsa wa na ƙasa ba. Ya ce, "Ya Allahu," ya juya damtsen, naɗin ya zare da fatar hannunsa, ya buɗe ƙirji.

Goran ya yi tsalle ya bi ruwa. Salmanu ya tsaya da hannuwa a buɗe, ba komai a cikinsu, yana kallon sa yana tafiya. Ya wuce duwatsun, ya fita inda kogin ya sake faɗi. Sai ga baƙin kai ya ɓullo daidai gefensa. Hannu ya kama wuyan goran, ɗaya hannun ya ɗaga sama. Kwalekwalen da ma yana nan kusa, don ruwa ɗaya ne ya ɗauke su duka. Ernest ya sunkuya ya kamo shi.

Tsohon ya fita daga ruwan, ya ratsa ta gonar rake ya iske su inda suka fito. Muntaka na zaune a kan yashi yana tari, igiyar ta zana masa jan layi a ƙugu kamar an yi masa ɗamara da wuta. Da ya ga uban, ya yi yunƙurin tashi.

"Zauna," in ji Salmanu. Ya durƙusa ya shiga kwance ƙullin. Idonsa ya faɗa kan wuƙar, tana nan cikin kubenta. "Kana da wannan. Me ya hana ka yanke?"

"Igiyarka ce, Baba. Kuma da na ji riƙon na san hannun waye. Na ce bari in yi masa magana tukuna." Ya sake tari, ya yi dariya. "Amma da ka ƙara jinkiri kaɗan, wallahi da na yanke, in zo in sha faɗa."

Kailani masunci ya karɓi goransa yana duba wuyan. "Baba, ai ka yi ƙarfi. Ni na ɗauka giwan ruwa ka kama."

Ba wanda ya ce wa tsohon an gaya masa kada ya taɓa. Suka kama hanyar gida.

Da la'asar Kulu ta zaunar da shi a tsakar gida tana shafa masa man kaɗanya a damtse, tana faɗa. "Tsoho da kai, ka shiga Galma da riga. Da ta tafi da ku ku biyu, wa zan fara yi wa kuka?"

"A hankali, Kulu, fata ce."

"Da ka san fata ce ka naɗa mata igiya?"

Zanen jiya yana nan a ƙasa, kaji sun ɗan tattaka shi. Salmanu ya kira samarin, ya sa Muntaka ya sake jan layukan. Ya yi ta tambaya. Wa ke tuƙin jirgin, kuma yana jin maganar Ernest ko mai taurin kai ne? In injin ya mutu fa? Muntaka ya ce akwai jirgi na biyu da zai tsaya can ƙasa, a bakin teku, yana jira. In hadari ya taso? A fasa, a bari sai wata safiyar. Abokin nutson nan, yana da iyali? Yana da su. Tsohon ya ce madalla, mai iyali ba ya wasa da numfashi.

Sannan ya miƙa hannunsa mai lafiyar. "Dafa."

Muntaka ya dafa.

"Na warware maka, a ruwa mai gudu. A rijiya da ruwan da ke tsaye, dokata na nan. Kuma a hannu za ka riƙe ta, kar in ji ka ɗaura a ƙugu. Allah ya kai ku lafiya, ya nuna muku ƙarfen nan, ya fito da ku."

"Amin, Baba." Muntaka ya janye hannunsa. Kulu ta juya baya wai tana neman murfin man kaɗanya.

"Saura kai, ɗan Victoria. Zauna nan."

Ernest ya zauna a gabansa, yana murmushi. Tsohon ya jawo igiyar, wadda aka shanya a kan danga, kamar zai naɗe ta. Yana cikin yi masa zancen wata da ƙwarya, sai kawai ya wurga bakinta ta gaban Ernest, ya fizge ta da sauri. Caraf, hannun Ernest ya cafke.

Baba Salmanu ya cire hula ya maka masa a ka.

"Ka gani! Jiya kana cika baki ko sauro ba za ka sosa ba. In ƙwallon nan ta matso jikin jirgi, abin da za ka yi ke nan."

"Baba, ai kai ka koya mini!"

"Na sani. Ni na ɓata hannun, ni zan gyara shi kafin Asabar. Zauna a kansu. Duka biyun. Yauwa. Ido kawai nake so."

Ernest ya tura hannuwa ƙarƙashin cinyoyinsa, Muntaka na gefe yana dariya yana riƙe ƙugu don zafi. Kulu ta ce in dai an gama da yaron mutane a bar shi ya ci abinci.

"Ba a gama ba," in ji Baba Salmanu. Ya tattara igiyar, ya sake wurgawa.